Masana Tattalin Arziki Sun Canza Magana Ne a Kan Rawar Gwamnati?

Tambaya: "Malam, na karanci tattalin arziki a jami'a sama da shekara ashirin da suka wuce. Abin da aka koya mana shi ne gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa: kada ta yanka wa kamfanoni albashi, kada ta tallafa wa masana'antu, ta buɗe ƙofar ciniki, ta tsuke bakin aljihu. Yanzu kuma ga Amurka da Turai suna zuba biliyoyi a masana'antunsu, masana kuma suna yaba musu. Shin ilimin ne ya canza, ko siyasa ce aka sa wa rigar ilimi? In kuma jiya sun yi kuskure, me zai sa mu yarda da su yau?"

Ɗan'uwa, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin ni ma da wannan karatun aka yaye ni, na kuma koyar da shi a aji shekara da shekaru kafin aikina ya koma auna tasirin shirye-shiryen gwamnati. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko sauyin da kake ji a bakin masana yana da tushe a bincike, da kuma ko akwai dalilin sauraron mutanen da suka taɓa faɗar akasin abin da suke faɗa yanzu. Siyasa kam tana ciki. Fargabar da Amurka ke yi game da ƙarfin China ta fi kowace takardar bincike tasiri wajen dokar 2022 da ta ware kimanin dala biliyan 52 domin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta waya a cikin gida. Amma sauyin da ya auku a cikin ilimin kansa ya girmi wannan doka da shekara talatin, kuma daga yadda ake kafa hujja ya faro. Da hanyar kafa hujja ta canza, sai amsoshin da a da ake bayarwa da "kullum" ko "har abada" suka koma "gwargwadon yaya, a ina, kuma wa zai aiwatar".

Sai dai a yi wa tsohon karatun adalci, don ruwa ba ya tsami banza. A shekarun 1970 hauhawar farashi da rashin aikin yi suka haɗe wa ƙasashen Yamma lokaci guda. A 1982 Meziko ta ce ba za ta iya biyan bashinta ba, rikicin ya watsu a Latin Amurka, kamfanonin gwamnati da yawa kuma sun zama rijiya gaba dubu, ana zuba kuɗi ba a jin saukarsu. A wannan yanayi ne masanin tattalin arziki John Williamson ya jera matakai goma a 1989, waɗanda aka fi sani da Matsayar Washington: rage giɓin kasafi, sayar da kamfanonin gwamnati, sassauta ciniki, da sauransu. Magani ne da aka haɗa wa cuta ta gaske. Matsalar ita ce an riƙa rubuta shi ga kowane majinyaci, kuma babbar hujjar da ke bayansa ƙa'ida ce da zanen allo, sai alƙaluman da ke kwatanta ƙasa da ƙasa, inda abubuwa ɗari ke canzawa tare, ba ka iya cewa ga wanda ya haifar da wane.

Gidajen abinci 410

A ranar 1 ga Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a awa. Maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta taɓa nata ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka ga cewa ga gwaji nan duniya ta shirya musu kyauta. Suka sa aka bi gidajen sayar da abinci 410 a jihohin biyu, irin su Burger King da KFC, ana tambayar manajoji ma'aikata nawa ne, nawa ake biyan sabon ɗauka, kafin dokar ta fara aiki da kuma wata bakwai zuwa takwas bayanta. Gidajen Pennsylvania su ne madubin da ke nuna abin da zai faru a New Jersey da ba a yi dokar ba, tunda yanayi ɗaya suke ciki, kasuwa kusan ɗaya. Zanen da ni da kai muka kwafa a aji ya ce ayyuka za su ragu a New Jersey. Sakamakon da suka wallafa a 1994 bai nuna raguwar ba.

An yi ca a kansu. David Neumark da William Wascher sun sake lissafin da takardun biyan albashi suka ce sun ga raguwa, Card da Krueger suka dawo da alƙaluman hukuma suka ce tasirin, in ma akwai, ƙanƙani ne. Wannan taƙaddama ita ce ta fi burge ni a labarin, domin a karon nan ana jayayya ne a kan wane bayani ya fi inganci da wace jiha ta dace a kwatanta da wace, abubuwan da wani zai iya dubawa ya tabbatar. A 2019 Arindrajit Dube da abokan aikinsa suka bi sauye-sauyen mafi ƙarancin albashi har 138 a jihohin Amurka tsakanin 1979 da 2016, suka tarar ayyukan da suka ɓace a ƙasa da sabon albashin sun sake bayyana a daidai shi ko sama da shi kaɗan, jimillar ba ta motsa sosai ba. Jamus ta kafa nata a 2015 a kan yuro 8.50 a awa, ana ta hasashen asarar ayyuka masu ɗimbin yawa, hasashen bai tabbata ba; binciken da ya biyo baya ya nuna ma'aikata sun riƙa komawa daga ƙananan kamfanoni zuwa waɗanda suka fi su inganci. A 2021 aka ba Card rabin lambar Nobel, Joshua Angrist da Guido Imbens suka raba ɗaya rabin saboda gyara wannan hanya ta gano sababi. Krueger ya rasu a 2019, bai ga ranar ba.

Me ya sa zanen allo ya kuskure? Zanen yana ɗauka cewa in mai kamfani ya rage maka sisi, gobe za ka koma wani. Ma'aikaci na gaske yana da nisan hanya, da makarantar yara, da rashin sanin abin da ake biya a wani wuri, da tsoron zaman wata biyu ba aiki. Wannan yana ba mai ɗaukar aiki ikon biyan ƙasa da abin da aikin ke kawo masa. Joan Robinson ta yi bayanin haka tun 1933, aka ajiye shi a ƙarshen littafi kamar abin da ba a cika haɗuwa da shi ba. A irin wannan kasuwa, in doka ta ɗaga albashi kaɗan, guraben da suka daɗe babu mai so sai su cike, masu barin aiki su ragu. Ka lura da kalmar "kaɗan". Ƙarin da aka bincika a Amurka bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na albashin tsaka-tsaki ba. Wanda ya ɗauki wannan sakamako ya ce a ninka albashi sau uku babu abin da zai faru, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba. Haka kuma a ƙasar da mafi yawan ma'aikata ba su da takardar ɗaukar aiki, dokar tana iya tura wasu zuwa inda doka ba ta kaiwa.

Abin da ya same ni

Na taɓa karɓar aikin auna wani shirin koya wa matasa sana'a. Na yi abin da aka saba: na kwatanta kuɗin shigar waɗanda suka halarci horon da na tsararrakinsu da ba su halarta ba. Tazarar ta yi kyau ƙwarai, har na gama rubuta rahoto. Ina duba takardun rajista domin wani ƙaramin gyara sai na lura da yadda ake shiga shirin. Sai matashi ya je ofis sau uku a ranaku daban-daban, ya kawo wanda zai tsaya masa, sannan jami'i ya zaɓi waɗanda yake ganin za su kammala. Na daɗe riƙe da fom ɗin nan a hannu. Wanda ya jure wannan zirga-zirga, kuma yana da mai tsaya masa, ko ba horo zai fi ɗan'uwansa samu. Ashe himmar yaran da gatansu na auna, na rubuta su da sunan shirin.

A zagaye na gaba masu nema sun fi gurabe yawa, sai muka roƙi a raba guraben ta hanyar ƙuri'a a tsakanin waɗanda suka cancanta, mu bi sawun duka ɓangarorin. Tazarar ta ragu sosai, abin da ya saura kuma kusan a sana'a ɗaya ya taru, wadda masu ɗaukar aiki ke nema da gaske. Shugaban shirin, mutumin kirki mai kishin aikinsa, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni abin da zai gaya wa waɗanda suka ba da kuɗin. Na ce ya gaya musu mun gano inda kuɗinsu ke aiki, a mayar da saura can. Tun daga ranar ba na karanta rahoton da ya ce "waɗanda suka amfana sun fi" ba tare da na nemi sanin yadda aka zaɓe su ba.

Irin wannan ƙuri'a ce ta kai Abhijit Banerjee, Esther Duflo da Michael Kremer ga lambar Nobel a 2019. Kuma ba ɓangare ɗaya take sara ba. Ƙananan rance ga talakawa ya samu yabo har Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen da ke Bangladesh suka karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006, amma gwaje-gwaje shida da aka wallafa tare a 2015, daga Indiya, Meziko, Maroko, Habasha, Mongoliya da Bosniya, sun nuna amfani matsakaici, ba fitar da jama'a daga talauci ba. Ba da kuɗi hannu da hannu, wanda ake zargin zai sa lalaci da shaye-shaye, shi kuma ya fita da kyau fiye da zato. A yammacin Kenya an ba gidaje sama da 10,000 kimanin dala 1,000 kowanne, a binciken da ya shafi ƙauyuka 653. Kowace dala ta haifar da hada-hadar kusan dala biyu da rabi a yankin, har waɗanda ba a ba su ba suka amfana, farashi kuma bai tashi ba sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Bashi, tsuke aljihu, da ciniki

A nan ne tambayarka ta biyu take da nauyi. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka fitar da nazarin da ya nuna cewa in bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasa takan faɗi ƙasa warwas. 'Yan siyasar Turai suka riƙe wannan adadi suna kare matakan tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon, a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya kasa maimaita lissafin, ya nemi ainihin jadawalin, suka aiko masa. Sai ga shi layin da ke tara alƙaluma ya tsallake ƙasashe biyar, ga kuma wasu zaɓuɓɓukan lissafi da ake iya jayayya a kansu. Da aka gyara, matsakaicin bunƙasar ƙasashe masu yawan bashi ya tashi daga ƙasa da sifili kaɗan zuwa kashi 2.2. Yawan bashi na tafiya da raguwar bunƙasa har yanzu, amma ramin da aka ce yana daidai kan 90 babu shi. A wannan shekarar Olivier Blanchard, babban masanin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a lokacin, ya rubuta tare da Daniel Leigh cewa masu hasashe sun raina ɓarnar da rage kashe kuɗi ke yi a lokacin koma baya. An ɗauka kowane yuro da aka rage zai ci rabin yuro ne daga tattalin arziki, alhali a waɗannan shekarun ya ci kusan yuro guda ko fiye. Girkawa ne suka fi kowa jin wannan kuskure a jikinsu.

Ciniki ma haka. Ba a rushe hujjar cewa ƙasa gaba ɗaya tana cin riba da buɗe ciniki ba. Abin da ya rushe shi ne zaton cewa wanda masana'antarsa ta mutu zai tattara ya koma wani gari ya samu wani aiki. David Autor, David Dorn da Gordon Hanson sun raba Amurka zuwa yankunan aiki 722, suka nuna a 2013 cewa yankunan da kayan China suka fi yi wa gogayya sun yi asarar ayyuka, albashi ya sauka, masu karɓar tallafin naƙasa suka ƙaru, mutane kuma ba su ƙaura ba, binciken da suka yi daga baya kuma ya nuna bayan shekara goma tabon bai goge ba.

To me zai sa ka yarda da su? Ni abin da nake dubawa shi ne wa ya gano kuskuren kuma da me. Ɗalibi ne ya gano kuskuren lissafin bashi da jadawalin da masu shi suka miƙa masa, asusun da ya ba da shawarar ne ya wallafa na tsuke aljihu. Manyan mujallun fannin yanzu suna tilasta wa marubuci ya ajiye alƙalumansa da matakan lissafinsa inda kowa zai iya sake bi. Wannan bai dawo wa wanda ya rasa aiki a Atina, babban birnin Girka, da shekarunsa ba, kuma ina ganin fanninmu bai ji kunyar wannan yadda ya kamata ba. Amma ya isa dalilin ba da amana ga hujjar da aka buɗe, ko da ba ka ba da ita ga sunan mai maganar ba.

Tallafa wa masana'antu

Nan ne na fi son ka yi taka-tsantsan, domin nan siyasa ta fi rige bincike gudu. Tsohuwar magana ita ce gwamnati ba ta iya zaɓen gwani, kuma tsofaffin alƙaluma sun nuna masana'antun da aka fi karewa su ne suka fi rauni. Sabbin masu bincike suka ce a dakata: gwamnati ai sau da yawa mai ciwo take kai wa ɗauki, don haka ganin tallafi tare da rauni bai nuna tallafin ne ya kawo raunin ba. Sai suka nemi wuraren da kariya ta faɗo ba da zaɓin kowa ba. Réka Juhász ta duba yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da toshe hanyoyin teku ya hana kayan Ingila isa wasu sassan Faransa fiye da wasu. Sassan da suka fi samun wannan kariya ta bazata sun fi rungumar injinan kaɗin auduga, kuma sun ci gaba da riƙe masana'antar bayan an buɗe hanya. Nathan Lane ya duba shirin manyan masana'antu da shugaba Park Chung-hee ya ƙaddamar a Koriya ta Kudu a 1973, na ƙarafa, jiragen ruwa, injina, lantarki da sinadarai, wanda ya tsaya bayan kashe shi a 1979. Fannonin da aka tallafa wa sun fi sauran girma, fifikon ya ɗore bayan an janye tallafin, har masu sayen kayansu suka amfana.

Wannan ya tabbatar da cewa abin yana iya yiwuwa. Bai ce yakan yiwu a duk inda aka gwada ba. Brazil ta keɓe kasuwar kwamfuta ga kamfanonin gida da dokar 1984, ta ƙare da na'urori masu tsada da suka tsufa tun a shago, ta janye a farkon shekarun 1990. Harajin da Amurka ta ɗora wa injinan wanki a 2018 ya ɗaga farashinsu da kusan kashi 12, ya samar da ayyuka kimanin 1,800, wato masu saye sun biya sama da dala 800,000 a shekara a kan kowane aiki guda. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne horo. Koriya ta ɗaure tallafinta da sayarwa a kasuwar waje, inda alƙali baƙo ne da ba ya karɓar roƙo, kuma kamfanin da ya gaza yana iya rasa rancen. Shi ya sa Dani Rodrik ya daɗe yana cewa abin da ake buƙata daga gwamnati shi ne ta iya sakin wanda ya faɗi, ko da ba ta iya hango gwani tun farko ba. A ganina wannan ya fi zaɓen wahala nesa ba kusa ba, domin wanda ya faɗin yana da ma'aikata, yana da abokai a majalisa, wani lokacin ma shi ya ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓe.

Akwai kuma ɓangaren littafinka na jami'a da ko shafi ɗaya bai tsufa ba. Turkiyya ta rage kuɗin ruwa ana tsakiyar hauhawar farashi, hauhawar ta haura kashi 85 a Oktoban 2022. Sri Lanka ta zaftare haraji a 2019, ta cinye ajiyarta ta kuɗin waje, ta kasa biyan bashi a 2022. Ƙasar da ke cin bashi da kuɗinta na gida, kamar Amurka ko Japan, tana da sararin da mai cin bashi da dala ba ta da shi, kuma yawancin gyaran da aka yi wa batun tsuke aljihu daga ƙasashe masu wannan sarari ko masu babban banki a bayansu aka samo shi.

Iyakar abin

Sabuwar hanyar tana da makanta irin tata, ni kuma da nake cin abinci da ita ya wajaba in faɗa. Ta fi ƙwarewa a ƙananan tambayoyi. Za ka iya jefa ƙuri'a a kan ƙauyuka, ba za ka iya jefa ta a kan darajar kuɗin ƙasa ko tsarin mulki ba. China ta fitar da mutane kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara arba'in, kuma bunƙasar tattalin arziki ce ta yi wannan aiki, ba wani shiri da aka auna da ƙuri'a ba. Angus Deaton da Lant Pritchett sun daɗe suna wannan suka, ina kuma ganin suna da gaskiya babba. Lambar Nobel ta 2024 da aka ba Daron Acemoglu, Simon Johnson da James Robinson a kan rawar hukumomi da dokoki ta mayar da hankali kan babbar tambayar, amma sanin cewa ingantattun hukumomi na kawo arziki bai gaya wa minista abin da zai sa wa hannu ranar Litinin ba. Aikina ni a kan ayyukan yi da shirye-shiryen tallafi ne, don haka abin da na faɗa kan kuɗin ruwa da bashi ka ɗauke shi a matsayin karatun mai bibiya, ka haɗa da na waɗanda fanninsu ke nan.

Sannan bincike yana bin inda alƙaluma suke. An iya auna shirin Koriya ne domin Koriya ta riƙa ƙidayar masana'antunta tana ajiyewa, an iya bin sauye-sauye 138 a Amurka ne domin akwai hukumar da ke tambayar dubban gidaje kowane wata. Ƙasashen da suka fi buƙatar amsa su ne suka fi ƙarancin irin wannan ajiya, sai su riƙa aron sakamakon wasu. Shi ya sa duk hukumar da ta kira ni tun kafin ta fara shiri, abu na farko da nake roƙo shi ne ta rubuta sunan duk wanda ya nema, har da waɗanda ba su samu ba, ta kuma ware kuɗin komawa wurinsu bayan shekara biyu.